Ƙaurar Fayiloli da Amanar Kwanan Wata

Wannan ita ce laccar da ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu ɗalibai ya gabatar a Malumfashi lokacin dogon hutu, a gaban ɗalibai da matasan ma'aikata na yankin Malumfashi da Funtuwa.



Sa'ad da aka ce mu zaɓi abin da za mu yi magana a kansa yau, waɗansu abokai sun so mu ɗauko tsadar taki, waɗansu kuma rashin tsaron da ya raba mutanen Faskari da Ƙanƙara da gonakinsu na nesa. Waɗannan manyan al'amura ne, amma a ɗakin nan akwai waɗanda suka fi mu saninsu nesa ba kusa ba, domin su abin ya taɓa a jiki. Mu abin da muka ɗauko ƙarami ne a ido, har mai sauraro yana iya cewa wannan ai bai isa a tara jama'a dominsa ba. Ga shi a taƙaice. Duk lokacin da ma'aikaci ya kwashe fayilolin ofis daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa, ko daga kwamfuta zuwa filash, kwanan watan da ke jikin foldoji yakan goge, ya koma ranar da aka yi kwasar. Kwamfuta ba ta yin gargaɗi, ba ta neman izini, galibi kuma ba a lura sai ranar da buƙata ta taso. Muna roƙo ku ba mu aron kunnuwanku, mu nuna abin da ake asara, da dalilin da ya sa haka ke faruwa, da yadda ake tsare shi.

Mu fara da gona, tun da da ita muka tashi. Duk wanda ya taɓa zama a bayan ɗakin shari'a ya saurari rikicin gona ya san tambayar da alƙali ya fi maimaitawa, watau yaushe. Yaushe aka ba ka aron gonar nan? Yaushe aka yi jinginar? Shekara nawa kana nomanta? Dalili kuwa shi ne a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi akwai hukuncin hauzi. Mutumin da ya riƙe gona shekara 10 yana nomawa, mai cewa tasa ce yana gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana, amma bai ce uffan ba, to bayan haka ba za a saurari ƙararsa ba. In tsakanin dangi ne sai an haura shekara 40. In kuwa an tabbatar aro ne ko jingina, hauzi ba ya aiki, ko an shekara nawa. Kun ga ke nan gonar da iyali ke ci daga gare ta tana iya tsayawa a kan shekara ɗaya tak da aka ƙara ko aka rage. Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuwa, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin riƙe fili a karkara, saboda haka wani sashe na wannan shaida yana cikin ofisoshin da yayyenmu ke aiki.

Shi kansa ma'aikaci a kan kwanan wata yake tsaye. Ranar da aka ɗauke shi aiki ita ce ke nuna wa ya girme wa a ofis, ita ce kuma ake ƙirgawa a ga ya cika shekara 35 yana aiki ko kuwa shekara 60 da haihuwa ce za ta riga kama shi. Haka ƙungiyar manoma da ke rabon taki ko iri: wanda ya riga biya shi ke riga ɗauka, wanda ya kawo kuɗinsa bayan an rufe karɓa sai ya jira wani zubin.

Akawunan da suka gabace mu sun san wannan sarai, shi ya sa suka gina aikin rajista a kansa. A bangon kowane fayil akwai ranar da aka buɗe shi. Wasiƙa in ta shigo, sai an buga mata hatimin karɓa mai ɗauke da kwanan wata, a ba ta lambar shafi, sa'an nan masinja ya kai ta gaba. Duk jami'in da ya yi rubutu a kanta sai ya sa hannu, ya sa rana a ƙarƙashi. Fayilolin ƙasar nan tamu kuwa sun sha ƙaura. Sun fara a hannun En'e ta Katsina da ofishin Razdan. A 1967 muka shiga Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 aka sake mata suna zuwa Jihar Kaduna, a wannan shekarar kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi. Ran 23 ga Satumba, 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina, dole fayilolin ma'aikata da na filaye suka biyo masu su daga Kaduna. Bayan nan aka riƙa fitar da sababbin ƙananan hukumomi irin su Bakori da Ɗanja da Ƙafur, kowace da nata kason takardun. Ba mu ce ba a yi asara ba; gara da ɗigon rufi da sakaci sun ci rabonsu. Amma duk takardar da ta tsira, da kwanan watanta ta tsira, domin tawada ba ta sanin an ɗauke ta daga wannan kabad zuwa wancan. Mai bincike da ya je Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna yau, ya nemi fayilolin Lardin Katsina, zai ga ranar da jami'in mulkin mallaka ya sa hannu tana nan daram.

Yankin nan ma ya fi wurare da dama tarin rubutattun bayanai. Aikin raya noma na Funtuwa, wanda aka fara a tsakiyar shekarun 1970 da rancen Bankin Duniya tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, ya yi ta ƙirga takin da aka sayar da amfanin da gonaki suka bayar. A waɗannan shekarun ne kuma likitoci daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka zauna a nan Malumfashi suna binciken tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. Cire kwanan wata daga irin waɗannan bayanai, me ya rage? Adadin masu zazzaɓi da ba a san ko na damina ne ko na rani ba bai amfani kowa ba.

To, yanzu ga mu a wata sabuwar ƙaura, daga takarda zuwa kwamfuta, daga wannan kwamfuta kuma zuwa waccan duk bayan 'yan shekaru. Mu ne kuwa ake danƙa wa wannan kwasa, mu yara masu ɗan sanin na'ura. Saboda haka ya wajaba mu san halin abin da muke ɗauka.

Kwamfuta tana riƙe wa kowane fayil lokuta uku: ranar da aka ƙirƙire shi, ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe, da ranar da aka buɗe shi na ƙarshe. Na ukun nan kada ku dogara da shi ko kaɗan, domin ko manhajar farautar ƙwayar cutar kwamfuta ta leƙa fayil tana iya taɓa shi, a kwamfutoci da yawa ma ba a sabunta shi a kai a kai. Biyun farko su ne abin magana. Idan ka kwafi fayil a Windows, ranar gyara tana bin sa zuwa sabon wuri, amma ranar ƙirƙira takan koma ranar da ka yi kwafin. Shi ya sa wani lokaci za ka ga abin al'ajabi, fayil an gyara shi a 2018 amma an ƙirƙire shi a 2023, kamar a ce ɗa ya girmi ubansa. Wanda ya san kan abin, da ya ga haka ya san kwafi ne a hannunsa.

Folda kuwa halinta daban ne, a nan ne kuma muke so mu daɗe. Hoton da muke gani a allo yana sa mu ɗauka folda jaka ce da fayiloli ke kwance a ciki. A gaskiya folda jeri ne kawai na sunaye, kowane suna da bayanin inda kayansa yake a kan faifai. Ku ɗauke ta kamar allon da mai tsaron sito ya rataya a bakin ƙofa. Buhunan masara suna can ciki, allon yana faɗin abin da ke nan, a samansa kuma akwai wuri ɗaya tak na rubuta rana. Duk lokacin da buhu ya shiga, ko ya fita, ko aka sake masa suna, sai mai tsaro ya goge ranar da ke sama ya rubuta ta yau. In wani ya kwance bakin buhu ya ɗebi tiya biyu ya ɗaure, allon ƙofa bai canza ba, domin jerin buhuna yana nan yadda yake. Haka ranar gyaran folda take: tana nuna ranar ƙarshe da aka saka wani abu a cikinta, ko aka cire, ko aka canza suna. Kuma abin da ke cikinta kai tsaye kaɗai take lura da shi. Abin da ya faru a wata folda da ke can ƙasa da ita, ba ruwanta.

Daga wannan sai ku gane dalilin ɓarnar. Idan ka matsar da folda daga wannan wuri zuwa wancan a kan faifai ɗaya, babu buhun da ya motsa. An goge sunanta daga wani allo ne an rubuta a wani, don haka za ka ga aikin ya ƙare kafin ƙiftawar ido ko da kayan suna da yawa, kwanan watan abin da ke ciki kuma yana nan. Amma idan za ka kai ta wani faifai dabam, ko filash, ko sabuwar kwamfuta, dole a gina sabon sito a can, a rataya sabon allo, a riƙa shigar da buhuna ɗaya bayan ɗaya. Kowane buhu ya shiga, mai tsaro ya rubuta ranar yau. Kafin a gama, allon ya manta da 2018, ranar kwasa kaɗai ya sani. Abin da muke kira yankewa da liƙawa zuwa wani faifai kuwa kwafi ne da ake bi da gogewa, wato bayan an gina sabon siton sai a rushe tsohon, tare da allonsa da ke ɗauke da ranar gaskiya.

Akwai ma abin da ya fi wannan ban haushi. Buɗe takarda kawai da manhajar Word yana iya canza ranar folda, ko ba ka rubuta ko harafi ɗaya ba, domin Word takan ajiye wani ɗan ɓoyayyen fayil na wucin gadi kusa da takardar muddin tana buɗe, ta goge shi in ka rufe. Buhu ya shiga, buhu ya fita, mai tsaro ya yi aikinsa. Saboda haka mai son ya adana tsohuwar folda yadda take, kada ya fara da buɗe takardun ciki yana dubawa.

Wani zai ce, to, tun da fayilolin suna riƙe da ranar gyaransu, ina ruwanmu da ta folda? Bari mu ba ku abin da muka gani da idonmu lokacin da aka tura mu sanin makamar aiki a wani ofis da ba sai mun ambaci sunansa ba. Wata ƙungiyar manoma tana ajiye jerin waɗanda suka biya kuɗin taki a kwamfutar ofishin, kowane zubi da foldarsa, a ciki akwai jerin sunaye da hotunan rasiɗai. Gardama ta tashi, waɗansu suka ce an cusa rasiɗan mutum huɗu bayan an rufe karɓa. Da a ce kwamfutar tana yadda take, da ranar da ke jikin foldar ta ba da haske, domin ita ce ke nuna ranar ƙarshe da aka jefa wani abu a ciki. Ranar fayil ba ta faɗin wannan, don ana iya kawo tsohon hoto a jefa cikin folda yau, ya shigo da tsohuwar ranarsa. Amma wata biyu kafin nan an sayo sabuwar kwamfuta, wani yaro ya kwashe kome da kome a yini ɗaya, aka wanke tsohuwar aka bayar da ita. Da aka duba, duk foldojin, na bana da na bara da na bara waccan, rana ɗaya suke nunawa, da la'asar ɗaya. Ba a kama kowa da laifi ba, ba a kuma wanke kowa ba. Magatakardan ƙungiyar, dattijon da ba mu da dalilin zarginsa, har muka bar wurin ana yi masa kallon gefen ido. Abin da ya fi tsaya mana a rai ke nan. Mun saba tunanin kwanan wata don kama maha'inci aka yi shi, alhali mai gaskiya ya fi kowa buƙatarsa, don shi ba shi da wata dabara da zai kāre kansa da ita.

Maganin bai da tsada, a cikin kwamfutar ma yake. Tun daga Windows Vista, kowace Windows tana zuwa da wata manhaja mai suna robocopy, wadda ba ta da hoto ko maɓallin latsawa. A baƙin allon nan na rubuta umarni, wanda ake kira cmd, ake kiran ta. Ga umarnin kamar yadda muka rubuta a allo, a misalin an ce tsohuwar folda tana faifan D, za a kai ta faifan E:

robocopy D:\Rajista E:\Rajista /E /COPY:DAT /DCOPY:T /R:2 /W:5 /LOG:C:\kwasa.txt

Kada tsawonsa ya ba ku tsoro. /E yana cewa a kwashe har da foldojin da ke ƙasa, ko da babu kome a cikinsu. /COPY:DAT yana cewa kowane fayil ya tafi da abin da ke cikinsa, da siffofinsa, da lokutansa, har da ranar ƙirƙira. Zuciyar maganar tamu kuwa ita ce /DCOPY:T, wanda ke cewa a maido wa kowace folda lokacinta na asali. In ba ka rubuta shi ba, robocopy ba za ta yi maka wannan da kanta ba. Dabararta mai sauƙi ce: tana barin mai tsaro ya yi ta goge-gogensa har buhu na ƙarshe ya shiga, sa'an nan ta koma ta rubuta tsohuwar ranar a saman allo. /R:2 da /W:5 kuma don kada ka kwana a ofis ne, domin idan ta ci karo da fayil da ya ƙi karantuwa, al'adarta ita ce ta sake gwadawa har sau miliyan ɗaya, tana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Da waɗannan biyun ka ce mata ta gwada sau 2, ta jira daƙiƙa 5, ta wuce. Na ƙarshen yana rubuta rahoton duk abin da aka kwashe da abin da ya ƙi.

Akwai umarni biyu na robocopy da muke roƙon ku guje su har sai hannunku ya faɗa. /MOVE yana goge asali bayan kwafi, mu kuwa ba mu son a taɓa asali sai an tabbatar. /MIR kuma yana mai da wurin da aka nufa ya zama daidai da wurin da aka fito, har da goge duk abin da ya tarar a can wanda babu shi a nan. Wanda ya juya sunayen faifan biyu bisa kuskure da wannan umarni, ya share aikin shekaru da hannunsa.

Masu aiki da Linux, su nasu ya fi gajarta: cp -a, ko kuma rsync -a, wadda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996. Dukansu suna riƙe ranar gyara ta fayil da ta folda. In kuwa kaya za su yi tafiya mai nisa ta hannun mutane da yawa, a ƙunshe su cikin fayil ɗaya da tar ko 7-Zip tun a kwamfutar asali, domin kwanan watan yana shiga cikin ƙunshin, duk inda aka jefa shi yana nan a rubuce.

Kafin duk wannan ma akwai aikin da ya kamata ya zo farko, watau ɗaukar jeri. Umarnin dir /s zai jero maka kowace folda da kowane fayil da ranarsa, kana iya sa shi ya zuba jerin cikin takarda guda. Amma a kula, a ajiye takardar a wani faifai dabam, don in ka ajiye ta cikin foldar da kake son tsarewa, ka jefa sabon buhu ke nan, ka ɓata abin da ka zo gyarawa. A buga jerin, mai kwasa ya sa hannu, shugaban sashe ya sa hannu, a saka shi a fayil na takarda. Wannan shi ne hatimin karɓa na zamaninmu.

Game da filash da waya, magana biyu. Filash da yawa suna zuwa da tsohon tsarin ajiya da ake kira FAT32, wanda ba ya iya riƙe ranar da ta gabaci 1980, yana ƙirga lokacin gyara da daƙiƙa bibbiyu, kuma bai san bambancin agogon ƙasashe ba. Ya isa a ɗauki kaya daga wannan tebur zuwa wancan, amma bai kamata ya zama ma'ajin ofis ba. WhatsApp kuwa, wanda ya zama masinjan ofisoshinmu ba tare da kowa ya naɗa shi ba, idan ka aika hoto ta cikinsa a matsayin hoto yakan matse shi ya zubar da bayanan da kyamara ta rubuta a jikinsa, har da ranar ɗauka. Lambobin da kuke gani a sunan hoton a wayar Android ranar da ya shiga WhatsApp ce a wayarku, ba ranar da aka ɗauke shi ba. Mai ɗaukar hoton iyakar gona ko na rasiɗi don shaida, ya aika shi a matsayin takarda, ya kuma bar na asali a wayar da ta ɗauka.

Shugaban taro, za mu zama mun yaudari jama'a idan muka tsaya a nan, muka bar su da tunanin duk ranar da kwamfuta ta nuna gaskiya ce. Kwamfuta agogonta take kallo, agogon kuwa yana tafiya ne da wani ɗan batir mai kama da kwabo da ke cikin cikinta. Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, sun sha aiki a Turai kafin su iso mu, batirin ya gaji. Da an ɗauke wuta sai agogo ya koma wata tsohuwar shekara, in babu intanet da zai daidaita shi kuwa, duk takardar da aka rubuta ran nan da ranar ƙarya za ta fita. Batirin nan bai kai kuɗin buhun siminti ba, kusa ma bai yi ba, amma sai ka ga ofis ya shekara yana aiki a 2009. Sa'an nan duk wanda ya iya mai da agogo baya, ko ya san umarnin da ke sake rubuta lokacin fayil, yana iya ba takarda ranar da ya ga dama. Hanyar da robocopy ke bi ta maido ranar gaskiya, ita ce maha'inci zai bi ya sa ta ƙarya.

Doka ma ta san da haka. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wadda aka yi wa gyara a 2023, ya buɗe ƙofar karɓar takardun da kwamfuta ta fitar, amma da sharaɗin a nuna cewa ana amfani da kwamfutar a kai a kai don wannan aiki, kuma tana aiki daidai a lokacin da ake magana. A shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa tsakanin Kubor da Dickson a 2012, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa takardun da aka bugo daga intanet ba su karɓuwa tun da ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. To, kwamfutar da agogonta ke yawo tsakanin shekaru, wa zai tsaya gaban alƙali ya rantse tana aiki daidai? Nan ne jerin da aka sa wa hannu da rahoton kwasa suke da daraja, domin suna nuna wa ya kwashe, yaushe, daga ina zuwa ina.

Mai niyyar ƙirƙirar rana kuma ya sani takarda tana da bakuna da yawa, in ya toshe ɗaya wani zai yi magana. A Pakistan, a 2017, iyalan Firayim Minista Nawaz Sharif sun gabatar wa kwamitin binciken da Kotun Ƙolin ƙasar ta kafa wata takarda mai ɗauke da kwanan watan Fabrairu 2006. Masu bincike suka lura an buga ta da salon haruffa mai suna Calibri, wanda kamfanin Microsoft bai sake shi ga jama'a ba sai 2007. Masu kāre su sun ce akwai na gwaji kafin nan, amma maganar ta riga ta zaga duniya.

Tun da ranar da kwamfuta ke sakawa tana da wannan rauni, kada mu bar ta ita kaɗai. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ranar da ka buɗe folda, sa ranar a cikin sunanta, shekara a gaba, sai wata, sai rana, kamar 2024-06-15 Taki Zubi Na Biyu. Suna ba ya gogewa a kwafi, ko da ta filash ne, kuma da wannan tsari kwamfuta za ta jera maka foldoji daga tsohuwa zuwa sabuwa ba tare da ka wahala ba. A cikin kowace takarda kuma a rubuta rana da hannu, a guji dabarar nan ta Word da ke sabunta kwanan wata da kanta duk lokacin da aka buɗe takarda, wadda ke mai da wasiƙar bara ta zama ta yau.

Ga yayyenmu ma'aikata, musamman waɗanda ba su daɗe da kama aiki ba, mun san ba ku ne ke yanke shawarar sayen kwamfuta ba, kuma ba kowane shugaba ke son ƙaramin ma'aikaci ya koya masa aiki ba. Amma ku ake miƙa wa filash a ce kwashe mana kafin a tashi. Ku nemi yini ɗaya. Ku ɗauki jeri, ku duba agogon kwamfutocin biyu, ku yi kwafi ba yanka ba, ku gwada foldoji goma a can da nan ku ga ranakun sun dace. In ɗan kwangila ne zai yi kwasar, ku roƙi a rubuta cikin takardar aikinsa cewa sai ya riƙe lokutan fayiloli da na foldoji, ya kuma miƙa rahoto. Tsohon faifan kuwa kada a wanke shi don an ga sabuwar kwamfuta tana ƙyalli. A ciro shi, a liƙa masa takarda mai ɗauke da sunan sashe da ranar da aka cire shi, a kulle a kabad har masu binciken kuɗi su zo su wuce, a kuma ga bayan rabon taki na damina mai zuwa.

Shugaban taro, iyakar abin da muka zo da shi ke nan. Kwamfuta tana nan a kan tebur, mai son ya gwada umarnin da hannunsa ya matso bayan an tashi, ya zo da filash ɗinsa.